Karan Roba Biyu

Shekara bakwai ina kwana da baki buɗe
kamar kifin da aka yar kan yashin Binuwai.
Ni Gambo, mai haɗa turare a kasuwar Garwa,
hancina ya ja ƙofa, ya jefar da makulli.

Sandal da farce, miski da gajiji,
da ido nake aunawa, da tuni nake zubawa.
Jikata Ladiyo ce hancina:
"Kaka, ya yi ƙarfi." In rage.
"Kaka, bai kama ba." In ƙara.
Masu saye na yabo, ina murmushi
irin na kurma a gidan biki.

Na yi sirace har bargo ya gaji da ni,
na shaƙi tazargade, na ɗiga man shanu.
Nama ya toho a ciki,
ya haɗe hanya kamar kainuwa kan tafki.

Likita ya leƙa da 'yar fitila,
ya ce, "Inna, soro ne ya rufta.
Za mu share, mu kafa masa dirka."
Dirka a hanci! Na yi dariya har na sarƙe.

Na farka da karan roba biyu,
ba su kai ɗan yatsana ba,
an ɗaure da zare kada su gudu,
su tokare bango har nama ya koyi zama wurinsa.
Ruwan gishiri safe da yamma.
Ƙaiƙayi, ba sosawa. Atishawa, ta baki.
Sujada ma sai da lallami.
Yaran unguwa suka raɗa mini Mai Bututu.

Ranar cirewa na sa kwalbar humra a jaka,
wai ita za ta fara shiga.
Ina! A bakin asibiti
hayaƙin babur ya riga ta,
sai kwata, sai albasar wata da ta ƙone a kasko,
sai fitsarin akuya jikin katanga.

Na tsaya ina ja, ina ja,
Ladiyo na fizgar zanina:
"Kaka, wari ne fa!"
Na ce bar ni, yarinya,
baƙon da ya shekara bakwai a hanya
ba a duban dauɗar rigarsa.

Da dare na buɗe haɗina na bara.
Ashe gajiji ya yi yawa,
kunya ta hana 'yar nan faɗa.
Na rufe kwalba.
Na rufe baki.
Na yi barci.