'Yar Ƙarama a Garejin Sanok

Shekara ashirin da biyu tana kwance bayan buhunan dankali.
Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya,
ɓera ya ga jikokinsa a cikin salansa.
Da na yaye tamfol
sai ta dube ni da ido ɗaya,
ɗayan ya mutu tun Baba yana da rai.

Maluch muke ce mata a ƙasar nan,
wato 'yar ƙarama.
Baba Ludwik ya biya kuɗinta, ya zauna jira
har gashin kansa ya soma gudu.
Ranar da ya shigo da ita layinmu
mai gidan burodi ma ya fito, hannu duk gari.
Mu biyar ta ɗauka zuwa bakin teku,
tukwane a bisa rufi, gwiwata a haƙarƙarin yayata.

Ni Bogna, malamar lissafi,
ban san sufana ba sai da na haura hamsin.
Na koyi cewa tsatsa ba ta sallama,
ta ƙasa take shiga, kamar bashi.
Na kwanta a siminti cikin sanyin Janairu
ina lallashin noti guda kwana uku,
na ba shi kananzir, na ba shi wuta, na ba shi zagi.
A na huɗu ya karye.
Na yi kuka, ba don shi ba.

Kowane ƙarfe da na kwance
na sa shi a kwalbar jam, na rubuta sunansa,
har kanta ta zama kamar ta mai magani.
Kafireto na wanke a kwanon miyar Mama.
A ƙarƙashin tabarmar direba na tsinci
tikitin gada, da maɓalli,
da safar mace da aka ƙulla ta zama fanbel.
Ashe haka muka dawo daga teku.

Bazara ta zo. Fenti ruwan lemo, taya huɗu sababbi.
Na zauna, na ja sandar tayarwa.
Shiru.
Na sake ja. Shiru irin na wanda ya ji ka sarai.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Alojzy,
wanda suka shekara talatin ba sa ga maciji da Baba
a kan reshen tuffa da ya tsallaka iyaka.
Ko jana'iza bai zo ba.
Ashe duk hunturun nan kunnensa na jikin bulo,
yana ƙirga kurakuraina.

Ya shigo ba gaisuwa, da kotar tsintsiya a hannu.
Ya zaga baya, inda injin yake,
ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara,
ya zura sandar can ciki.
Ya ce, taka totur, kada ki ji tausayinta.

Ta yi tari.
Ta yi tari irin na tsohon da aka tasa daga barci,
ta tofar da hayaƙi shuɗi,
sannan silinda biyun nan suka kama gardama,
tuf, tuf, tuf,
kwalaben kanta duk suka ɗauki rawa.

Muka fita, kansa na gogar rufi.
Muka wuce coci, muka wuce gidan burodi da ya koma kantin waya.
A kan gadar kogin San ta ce ta gaji.

Muka sauka muna turawa,
ni da hannu ɗaya a sitiyari, shi a baya yana haki.
Can na ji yana dariya.
Ya ce, nan ta mace wa ubanki ranar farko,
ni na tura shi har gida.
Tuffar ba ta tsiro ba tukuna a lokacin.

Ban juya ba.
Na ce, Malam Alojzy, ƙara ƙarfi, akwai hawa a gaba.