Wayar Aron Wuta

Ta farko, sidi arba'in na saye ta
hannun wani yaro a mahaɗar Anloga,
tana sheƙi cikin leda kamar kayan salla.
Daren da batirina ya kwanta a Asawase, ana ruwa,
na maƙala, na murɗa makulli,
sai ƙauri.
Robar ta narke mini a tafi kamar man kaɗanya.
Tabon na nan, ina ganinsa duk alwala.
Araha ba ta ado, in ji tsohuwarmu.

Washegari na nufi Suame Magazin,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta launinta,
guduma na amsa wa guduma sallama.
Agya Ofori, mai rumfa ta uku bayan masu walda,
Hausarsa ta Zango ce, da ɗan gishirin Asante.
Bai tambayi aljihuna ba.
Ya ce, "Fetur take sha ko dizal?"

Ya ɗora mini biyu, ɗaya a kowane hannu.
"Auna."
Ta dama kauri kamar rake, amma sakayau.
Ta hagu ta ja kafaɗata ƙasa.
Ya zaro wuƙa ya fere bakin mai kaurin:
ashe babbar riga ce kan ramammen mutum,
'yan zare kamar gemun masara,
farin ƙarfe da aka shafa wa ja.
Ta hagun kuwa jan ƙarfe ce har zuci.

"Buɗe bakin kadan nan."
Sai da na haɗa da hannu biyu.
Ya ce wanda yaro zai buɗe da yatsa
shi ne mai saki da zarar injin ya yi tari.
Cizo ake nema, ba sumba ba.

Na kai hannu ga gajera, ya buge shi.
"Mota ba ta zaɓen inda za ta mutu.
Wata rana hancinta na jikin bango
a lungun da ko kura ba ta juyawa.
Ɗauki mita huɗu.
Amma in ta yi tsawo, dole ta yi kauri,
wuta ma tana gajiya a hanya."

Ja ga ja, ya ce, baki biyun,
baƙa kan batir mai rai,
ta ƙarshe a jikin ƙarfen injin, nesa da batir matacce.
Ya sa na maimaita sau uku kamar ɗan makaranta.
Na yi ciniki har ya yi dariya,
ya rage mini kuɗin shayi kawai.
Da na juya ya ce,
"Ka dai sani, ita kaɗai ba ta ta da mota.
Sai da wani a ɗaya bakin."

Wata uku tana but, ba ta ga rana ba.

Ran wata Juma'a a Aboabo, an watse,
sai ga bonet a ɗage,
ga ƙeyar da na sani tun muna hawa tabarma ɗaya.
Issaka.
Shekara biyu ba ma gaisawa
saboda ɗakuna biyu na gidan Baba.
Na wuce shi.
Na kai har wajen mai waina,
na yi ribas.

Ban ce komai ba, shi ma haka.
Ja ga ja.
Sai a bar injin ya yi minti biyar yana ba da nasa,
haka Agya ya ce,
kuma minti biyar da yawa ne
ga mutum biyu masu kallon taya.

"Wayar nan ta ƙwarai ce," ya ce wa bonet.
"Suame," na ce wa ƙasa.

Bugu ɗaya ta tashi.
Na cire baƙa, na cire ja.
Ya ɗauki bakinsa yana naɗewa,
ni ma ina naɗe nawa.
Mita huɗu ba wani tsawo ba ne
in daga baki biyu ake naɗowa.