Lissafi a Bayan Kalanda

Saura kwana tara a koma makaranta.
Na yage shafin Agusta,
na kifa shi a bayan faranti,
na lashi bakin fensir.
Tun la'asar aka ɗauke wuta a Gwammaja,
fitilar waya ce a haƙorana.

Dubu arba'in da biyu.
Kwasar adashin gidan Lantana ke nan,
da ribar awarar wata uku
da na ɓoye a gwangwanin madara,
na ɓoye wa kowa, har ni kaina.
Babansu ya ce zai cika goma
in an sallame su a gareji.
Na rubuta goman, na kewaye ta da zobe,
don kuɗin "in" ba ya sayen ko alli.

Sagir, zo ka taka takardar nan.
Na bi gefen ƙafarsa da fensir.
Ikon Allah! Hutun wata biyu kacal,
ashe duk tuwon da na tuƙa ƙafa ya gangara.
Takalmin bara yana bakin ƙofa,
baki buɗe, kamar zai ba ni haƙuri.

Bara'atu za ta shiga sakandare.
Hijabi biyu, yadi huɗu ruwan toka,
akwatin lissafi, littafi goma sha biyu,
masu shafi tamanin, ban da masu sittin.
Wanda ya tsara takardar nan
bai taɓa taya yadi a Kwari ba.

Shi kuwa Auta gorar ruwa yake so,
mai igiya, mai hoton mota,
irin ta ɗan gidan mai kemis.
Na ce masa ruwa ai ruwa ne.
Ya ce a'a.

Na haɗa, na cire, na sake haɗawa.
Hamsin da ɗaya.
Na hura takardar ko wani sifiri zai tashi.

Sai Bara'atu ta leƙo ta kafaɗata:
"Umma, soke jaka, tawa da sauranta."
Ban ɗago kai ba, na soke.
Dubu shida ta faɗi ƙasa ba ƙara.

Tsakar dare na fito kawar da waken suya
don hadari ya haɗo ta gabas.
Na gan ta a tsugune bayan randa,
da basilla, da zaren buhu,
tana ɗinke hannun jakar nan
da ta yi mata firamare tun aji uku.
Ta soke yatsa, ta tsotse, ba ta yi uffan ba.
Na koma ɗaki a kan yatsun ƙafa,
waken ya sha ruwansa.

Asabar, Wambai, taɓo har idon sawu.
"Hajiya, wallahi dala ce ta tashi."
Na ce Dalar da na sani tana bayan gidanmu,
tun ina goye take zaune, ba ta taɓa tashi ba.
Ya yi dariya, ya rage ɗari biyar.
Na ɗauki takalmin da ya fi zanen da yatsa biyu,
a cusa tsumma, ƙafa ta tarar da shi a hanya.
Littafi takwas na saya,
huɗun su jira gareji.

Ragowar ɗari tara ce, kuɗin adaidaita.
Na juya su a tafin hannu,
na dubi gora mai hoton mota,
na ɗora kaya a ka, na tako har gida.

Litinin da sassafe suka fita lungu.
Sagir yana ja, faƙat, faƙat.
Auta ya sha rabin ruwansa tun a zaure.
Bara'atu ta rungume jakar a ƙirji
don kada ɗinkin ya ji nauyi.

Na tsaya har suka sha kwana.
Na koma ciki, na ɗaga shafin Disamba,
a can sama, inda babu komai tukuna,
kafin shinkafa, kafin kuɗin haya,
na rubuta: jaka.