Kunnen Doki a Batumi

Tun asuba ruwa ke zuba a Batumi,
teku na tari a bayan taga.
Ni aikina ɗaya ne a zauren nan:
in matsar da 'ya'yan dara a babban allon bango
don na nesa su ga abin da ake ciki.

Tebur na huɗu. Otar mai furfura ya riƙe fari.
Lemon tanjarin biyu ya fito da su daga aljihun kwat,
ya ɓare ɗaya, ya ajiye ɗaya kusa da agogo.
Lamara ce da baƙi,
shekara ashirin da uku, ta zuba tagumi,
ko sau ɗaya ba ta ɗago ido ba.

A taku na sha tara ya miƙa mata doki kyauta.
Zaure ya ɗauke numfashi.
Na matsar da dokin, hannuna na ɓari.
Minti arba'in cur tana duban kyautar nan,
har ta gane tsaba ce a bakin tarko.
Ta bar masa abinsa,
ta tura ƙaramin soja gaba, gida ɗaya tak.
Otar ya sosa ƙeya.

Daga nan fa sai kare jini, biri jini.
Sarauniyoyi suka faɗi tare,
hasumiya ta rushe hasumiya,
agogo na yagar rabonsa daga kowa.
Wani dattijo a layin baya ya yi gyangyaɗi,
ya farka, ya tarar ba wanda ya gusa.

Awa shida. An kunna fitilun bakin ruwa.
Sarki da doki nan, sarki da doki can,
gida sittin fayau, ba kowa ciki.
Wa zai kama wa?

Otar ya miƙa hannu, ta karɓa.
Alƙali ya tsayar da agogo, ya rubuta rabi da rabi.
Sai tsohon ya ɗauki lemon da ya saura,
ya tsaga shi biyu, ya tura mata ɓari.
"Da kin ci dokin nan..."
"Na gani," in ji ta, tana tauna.

Da kowa ya watse na sauke allon.
Na kwantar da dawakan biyu cikin akwati,
fari a jikin baƙi,
na tsaya ina gwada kunnuwansu da yatsa.
Babu wanda ya ɗara wani.