Ambulan Ta Ɗari Biyu Da Sha Huɗu

Ƙarfe biyu da minti bakwai na dare.
Na rubuta. Aikina ke nan:
wasu na sa allura, ni ina sa lokaci.

Daga Gidimuni aka kawo shi a bayan motar rake,
goshi kamar duwatsun Birni da azahar,
tafin ƙafa kamar gindin randa.
Likita Fassuma ta danna wuyan hannunsa,
jinin na amsawa can ƙasa,
guga a rijiya mai gaba sittin.

Shi ba baki, sai wansa Manzo.
A tsaye na karanta masa takardar:
ruwan nan za a ƙara masa, ka yarda ko ka ƙi,
ba mai sake maka fuska, ba mai ɗaure maka ita.
Sai dai wasu da gudu ake sa musu,
wasu ɗigo-ɗigo,
in ka yarda, ambulan ce za ta zaɓa.

Ya ce, wanne ya fi?
Na ce, da mun sani
da ban tsayar da kai ba.

Ya daɗe yana kallon farar rigata.
Ya ce bai taɓa jin asibiti ta ce ba ta sani ba.
Ya goge babban yatsa a wando,
ya miƙo.

Na yage bakin ambulan. Ɗigo-ɗigo.
Zuciyata gudu ta so,
amma babu gurbinta a takardar.

Uku da kwata kuran ya ɗauke.
Kafin inji ya gama tari
na ciji salula, haskenta a kan roba,
ina ƙirga ɗigo kamar mai jan carbi
da tsoron ɓata lissafi.

A gadon nan shekaranjiya
ta ɗari biyu da sha uku ta cika,
mai tuyar ƙosai daga Garin Malam.
Tata ambulan gudu ta ce.
Na so in ɗora mata laifin,
likita ta ce mutum ɗaya ba hujja ba ne,
sai mun kai ɗari shida.
Ɗari shida! Kowanne da mai riƙe masa takalmi a waje.

Da kiran assalatu fitsari ya sauko,
rabin kofin shayi, ja kamar zoɓo.
Ban taɓa murna da fitsarin wani haka ba.
Na auna. Na rubuta.

Ran kwana ashirin da takwas na buga waya.
Gurbi biyu ne a shafin ƙarshe,
ɗaya hagu, ɗaya dama.
Ta yi ƙara har sau shida,
sai ƙugin injin ban ruwa, sai wata murya a shaƙe:
Tsahiru ne, ina garka,
wa ke magana?

Na ce ba komai, gaisuwa ce.
Na sa alama a hagu.
Har yau ban san wanne ya fi ba.
Ta ɗari biyu da sittin na cikin aljihuna,
bakinta a manne.