Sunan Babana a Ƙamus

Ranar Laraba, bayan tara, a aji biyu,
Sagiru ya ɗaga hannu:
"Malama, mene ne fota?"
Na ce mai gina tukunya ne,
na juya ga allo da sauri
kamar ban taɓa kwana da ƙamshin yumɓu a zanena ba.

Da dare na ɗauko ƙamus ɗin da na saya a Sabon Gari,
mai ɓallallen bango, ɗinkin zare da allura.
Ga kalmar nan tsaye, ashe ƙafa biyu gare ta.

Ta farko na san ta:
mai tulu, mai randa, mai kasko, mai tanda.
Wannan ai Babana ne, Nakande na bayan Dala,
wanda farcensa bai taɓa yin fari ba, ko ranar Idi.

Ta biyun ce ta ba ni dariya.
Wai in tsoho ya rasa abin yi,
ya taɓa nan, ya taɓa can a tsakar gida,
yana gyaran abin da bai ɓaci ba,
shi ma da ita ake faɗin halinsa.
Riga ɗaya aka ɗinka
wa mai gumi da mai kashe lokaci.

Asabar na hau a-daidaita, na kai masa labari.
Na tarar da shi tsugune tsakanin tuluna,
yana ƙwanƙwasa su ɗaya-ɗaya da ɗan yatsa,
kunne a karkace, kamar mai jiran a amsa sallama.
Ya ji ni har ƙarshe, ya ce:
"Bature bai yi ƙarya ba, Tasalla.
Shekara arba'in uwarki na cewa wasan ƙasa nake.
Yumɓu ba ya son mai sauri.
Ka jiƙa, ka tafi, ka dawo, ka taɓa, ka bari.
Mai gaggawa tsingaro yake kwashewa."

Na ce har zanzaro sun raɗa wa sunanka,
don ɗakin laka da yake yi a jikin azara.
Ya ɗaga kai, ya dubi rufi:
"Abokin sana'a ne. Shi dai ba ya biyan kuɗin itace."

Sai na karanto na ƙasan shafi,
wanda da na sani da na tsallake:
filin magini, in ji su,
shi ne inda ake binne baƙon da ba shi da kowa.
Ramin da aka gama ɗibar yumɓunsa,
ba ya noma, ba ya gini, sai a ba matattu.

Baba bai ce komai ba.
Kududdufin da kakansa ya haƙa, shi ma ya haƙa,
an cike shi bara, shaguna tara ne a kai,
na uku daga hagu bokitin roba yake sayarwa.
Randa shida na jingine da bango tun azumi.
Asusu kawai ke tafiya, da kaskon turare.

Can ya goge hannu a gwiwa, ya ce:
"Mu ma ai kalmarmu ɗaya ce.
Mai soro magini, mai tukunya magini.
Wancan yana wa mutum ɗaki,
ni ina wa ruwa."

Litinin na shiga aji da tulu a kafaɗa,
suka fashe da dariya, na bar su suka gama.
Na zuba wa kowa a murfin gora.
Aka yi tsit.
Sagiru ya ce, "Malama, sanyi, kuma ba wuta."
Na ɗauki alli, na rubuta kalmar da manyan baƙi,
a ƙarƙashinta na sa: Nakande, bayan Dala.