Inci Goma Sha Takwas

Motata Korola ce, ta kwana biyu,
inci sha biyar take takawa tun zuwanta,
ba ta taɓa kunyata ni ba a hanya.

Wata Asabar na shiga Ori-Apata
neman robar waifa, ita kaɗai,
sai ido ya faɗa kan wili huɗu a jingine,
suna ƙyalli kamar kwanon jere a ɗakin amarya.

Uchenna ya ce, "Oga, sha takwas ne,
in ka sa su, ko a Barnawa sai an waiwaya."
Na taɓa aljihu, aljihu ya yi tari,
zuciya ta ce biya, ni kuwa na biya.

Iliya mai faci ne ya ɗaura.
Ya ɗaga guda, ya yi nishi, ya dire,
ya ce, "Malam Sha'aibu, ɗauki ka ji."
Na ɗauka. Na ji. Na yi kamar ban ji ba,
na ce, kai dai ɗaure noti, Iliya.

Satin farko ban taka ƙasa ba.
Gilas a sauke, gwiwar hannu a waje,
masu Keke suna leƙe a gadar Kawo.
Yaro mai wankin mota ya ce, "Sun yi,"
na ba shi ɗari biyar kan magana ɗaya.

Sati na biyu allurar mai ta fara tsegumi.
Da, in na sha lita goma ran Litinin,
Kawo zuwa Kakuri, Kakuri zuwa Kawo,
sai yammacin Alhamis fitila ke kamawa.
Yanzu tun Laraba take min jan ido,
ina tsakiyar cunkoso, ba gaba ba baya.

Na zargi gidan mai, na canja har uku.
Na zargi fulogi.
Na zargi ƙanena Auwalu
da ya ari motar zuwa ɗaurin aure Zariya.

Hansatu, mai riƙe da littafin cefane,
ba ta ɗaga murya ba, ta ce kawai
kuɗin nama ya koma tanki,
yau kwana huɗu ƙashi ke iyo a miya.

Tanimu na Kurmin Mashi ko bonet bai buɗe ba.
Ya tsuguna, ya auna faɗin tayar da taƙi,
ya ce, "Ka sa wa tsohuwa takalmin soja,
kana tambayar me ya sa take haki?
Kowace danja ka tsaya, ka tashi,
injin zai murza nauyin nan tun daga farko.
Faɗin nan kama kwalta yake kamar ƙaro,
iska ma ta samu wurin tokara.
Duk juyi ɗaya, da fetur ake biya.

Mitarka ma ta koyi ƙarya:
taya ta yi girma, juyi ya ragu,
ka yi tafiyar ɗari, ta rubuta ƙasa da haka,
ko lissafin asararka ba za ka iya."

Na yi shiru. Ado ne, na ce, zan jure.
Ramin Baifas ne ya raba gardama,
roba siririya ba ta da tsokar karewa,
wili ya lanƙwashe, na kwana biyu a Keke,
masu leƙen jiya suna ba ni canji da dariya.

Na koma wurin Iliya neman tsofaffina.
Uku na nan bayan kwamfiresa, sun yi tsatsa.
Na huɗun fa? Ya nuna tsallaken titi:
Maman Rifkatu mai ƙosai
ta girka kasko a kansa, gawayi ja wur,
inci sha biyar, daidai gindin kasko,
bai taɓa zama daram haka ba a duniya.

Na sayi na ɗari biyu, na tsaya ina ci.
Da zafinsa.
Ta ce in ƙara yaji? Na ce ƙara, Hajiya.